Sanda, Fitila da Ƙwallo: Yadda Ake Koya wa Yara Ilimin Falaki da Hannunsu

Malamin da ke koyar da tsirrai yana iya tsinko ganye ya miƙa wa yaro. Mai koyar da duwatsu ya cika aljihu da tsakuwa ya shigo aji. To shi mai koyar da ilimin falaki fa, me zai tsinko? Abu mafi kusa cikin kayan darasinsa shi ne wata, shi ma yana can nisan kilomita 384,400. Saboda haka idan aka ce a koya wa yara sararin samaniya ta hanyar aiki da hannu, sai a fara tambaya: hannun me zai riƙe?

Abu biyu ne. Ko ya riƙe kwaikwayo, wato ƙwallo a madadin wata da fitila a madadin rana, ko kuma ya riƙe ma'auni, sanda da zare da takarda, ya auna abin da sama ke aikowa ƙasa na haske da inuwa. Sai dai kafin a kai ga kayan aiki, akwai wata matsala da kullum take riga malami shiga aji.

An ce gani ya kori ji. A wannan fanni kuwa ganin ne ke fara yaudarar mutum. Ido yana shaida wa yaro cewa ƙasa a shimfiɗe take, ba ta motsi, rana ce ke fitowa daga gabas ta ratsa sama ta faɗi. Shekara shida ko bakwai yana ganin haka kowace safiya, sannan rana ɗaya malami ya ce masa duniya ƙwallo ce mai juyawa. Yaron ba zai musa ba, amma kuma ba zai saki abin da idonsa ya gani ba. Sai ya haɗa biyun a kansa ya yi musu sulhu.

A shekarar 1992 masu binciken yadda yara ke koyo, Stella Vosniadou da William Brewer, sun wallafa abin da suka gano a wurin yara 60 'yan firamare a Amurka. Idan aka tambayi yaran siffar duniya, da yawa sukan ce kewayayya ce. Da aka ci gaba da tonawa, ana cewa idan mutum ya yi ta tafiya bai tsaya ba ina zai ƙare, ko duniya tana da baki da za a iya faɗowa daga gare shi, sai asiri ya tonu. Wasu kewayen faifai suke nufi. Wasu sun ɗauka duniya biyu ce, wadda muke takawa da kuma waccan ƙwallon da ke sama wadda malam ke magana a kanta. Wasu kuma suka ce ƙwallo ce mai rami, mutane suna zaune a cikinta a kan shimfiɗaɗɗen wuri, sama ce murfin. Dukansu za su ci jarrabawar da ta tambayi "mece ce siffar duniya?" Kuma abin ba ya warkewa don mutum ya girma. A shekarun 1980 an tare wasu masu kammala karatu a jami'ar Harvard ranar bikin yaye su, aka tambaye su abin da ke kawo lokacin zafi da na sanyi, mafi yawansu suka ce duniya ce ke matsawa kusa da rana ta kuma ja da baya. Amsar ba daidai ba ce, za mu zo kanta.

Wannan shi ne ainihin amfanin aikin hannu a darasin falaki: ya fito da hoton da ke ɓoye a kan yaro, ya ajiye shi a fili, a gwada shi a ga ko zai tsaya. Aikin da bai yi wannan ba wasa ne kawai, ko da ya ƙayatar.

A ɗauki sauye-sauyen wata. Tambayi yara goma me ya sa wata ke fitowa jinjiri, ya yi ta girma har ya cika, sannan ya koma raguwa. Amsar da za ka fi ji, har daga bakin manya, ita ce inuwar duniya ce ke rufe wani sashe nasa. Wasu su ce girgije. Kada ka ce musu sun yi kuskure tukuna. Ka sa kowa ya zana abin da yake nufi a takarda, ya sa sunansa, a ajiye.

Sai a rufe tagogi, ɗaki ya yi duhu sosai. A kunna ƙwan fitila guda ɗaya tak a tsakiya, mara murfi. Kowane yaro a ba shi farar ƙwallo ƙarama da aka soke a kan fensir. Fitila ita ce rana, ƙwallo wata, kan yaron kuma shi ne duniya. Wannan na ƙarshen shi ne sirrin aikin, domin ba daga gefe ake so ya kalli tsarin ba, daga cikinsa ake so ya kalla, kamar yadda muke kallon wata daga nan. Ya miƙa hannu, ya fuskanci fitila, ya ɗan ɗaga ƙwallon sama da kansa. Gefen da ke kallonsa duhu ne, wata ya ɓuya ke nan. Ya juya hagu a hankali da hannun a miƙe. Wani siririn haske zai bayyana a bakin ƙwallon. A nan ne ake jin "laa, ga jinjiri!" daga kusurwoyin ɗakin. Ya ci gaba, rabi ya haskaka. Lokacin da ya ba fitila baya, ƙwallon ta cika fal.

Na taɓa tsayawa a bayan wata yarinya a daidai wannan gaɓa. Hannunta ya gaji, ya sauko, ƙwallon ta faɗa cikin inuwar kanta ta yi duhu ɗif. Ta juyo tana cewa nata ya lalace. Bai lalace ba, husufin wata ta yi da hannunta ba ta sani ba. Da malamar ta ce ta sake ɗagawa ta sauke sau biyu, sannan ta koma wurin jinjiri ta duba ina inuwar kanta take a lokacin, sai ta ga inuwar tana can bayanta a bango, ba ta ko kusa da ƙwallon. Ita da kanta ta je ta ɗauko takardar da ta zana ɗazu ta soke zanen. Rabin wata kullum a haske yake, abin da ke sauyawa shi ne nawa muke iya gani daga wannan rabin, inuwar duniya kuwa sai ran husufi take taɓa shi.

Yaro mai kaifin basira zai tambaya nan take: to me ya sa ba a yin husufi kowane wata? Dalili shi ne hanyar da wata ke bi ta karkace da kimanin digiri 5 daga hanyar duniya, don haka yawanci yakan wuce ta saman inuwar ko ta ƙasanta. Amma a nan kwaikwayon ya fara ƙarya, kuma dole malami ya faɗa. Tsawon hannu ya yi kaɗan ƙwarai. Idan ƙwallon kwando ce duniya, wata ƙwallon tanis ce, kuma tsakaninsu ya kamata a sami fiye da mita 7, wato faɗin duniya sau 30. Ka ba yara ƙwallayen biyu ka ce su ajiye su a nisan da suke zato, kusan kullum ba za su wuce tsawon kamu biyu ko uku ba, saboda haka littattafai ke zana su don su shiga shafi ɗaya. Idan aka ja zare aka auna mita 7, sai a ga yadda inuwa ke iya kuskure ƙaramar ƙwallo cikin sauƙi.

Akwai kuma wani ƙaramin gwaji da nake ganin ya fi na ɗakin duhu ƙarfi. Ranar da ake ganin wata a sama da hantsi ko da rana tsaka, abin da yara da dama ba su ma yarda yana faruwa ba, a fita waje a ɗaga farar ƙwallo daidai saitin watan. Hasken rana zai zana wa ƙwallon irin siffar da watan ke da ita a sama, sak. Rana ɗaya ce ke haska su biyun.

Batun girma da nisa shi ne inda zane ya fi cutar yara. Kowa ya san hoton nan na duniyoyi takwas jere kamar ɗalibai a layi, kafaɗa da kafaɗa. (Tara ne a da, sai a 2006 ƙungiyar masana falaki ta duniya ta zauna a birnin Prague ta sauke Fuluto daga jerin.) Don a rushe wannan hoto sai an fita fili. A ajiye ƙwallon ƙafa a matsayin rana, faɗinta kimanin santimita 22. A wannan ma'auni duniya ba ta wuce kan allura mai ado ba, milimita 2, kuma sai an yi taku kusan mita 24 kafin a ajiye ta. Mushtari, wato Jupita, babbar cikinsu, santimita 2 ce da ɗan ɗori, tana can mita 123. Neftun, ta ƙarshe a jerin, sai an wuce mita 700. Yawancin filayen makaranta ba za su ɗauke ta ba, wannan ma darasi ne. Sannan a tsaya a tambayi yara ina za a ajiye tauraro mafi kusa da rana. Za su nuna bayan katanga, ko ƙarshen gari. Amsar ita ce fiye da kilomita 6,000 daga inda ƙwallon take. Shirun da ke biyo bayan wannan amsa ya fi duk wani bayani a allo. A ƙasar Suwidin sun yi irin wannan da gaske, suka ɗauki wani babban zauren wasanni mai siffar ƙwallo a Stockholm a matsayin rana, duniyoyin suka warwatsu cikin ƙasar, Fuluto tana nisan kilomita 300.

Sai lokutan shekara, inda 'yan Harvard suka zame. Hanyar duniya kusan da'ira ce cikakkiya. Tana kusantar rana zuwa kilomita miliyan 147 a farkon Janairu, ta yi nisa zuwa miliyan 152 a farkon Yuli. Wato lokacin da Turai ke daskarewa ne ma duniya ta fi kusa da rana, a daidai lokacin kuma Ostareliya da Ajantina suna tsakiyar zafi. Nisa ba zai iya bayyana wannan ba. Abin da ke bayyana shi karkacewar duniya ce da digiri 23 da kusan rabi. Tocila da takarda mai gidaje sun isa: a haska takardar kai tsaye a ƙirga gidajen da haske ya rufe, a karkata ta ba tare da an matsa ba a sake ƙirgawa. Haske ɗaya ya bazu a wuri mai faɗi, ƙarfinsa ya ragu. Kuskuren da malamai ke yi a nan shi ne idan suna zagaya fitila da ƙwallon taswirar duniya, sai su riƙa juya karkacewar tana bin fitilar. Dole ta tsaya tana nuna kusurwa ɗaya ta ɗakin daga farkon zagaye har ƙarshe, in ba haka ba an koyar da abin da babu shi.

Ni dai a wurina sarkin kayan aikin nan sanda ce. A kafa ta a miƙe a fili, a riƙa sa alama a ƙarshen inuwarta duk bayan rabin awa daga safe zuwa yamma. Yara za su ga inuwar tana gajarcewa tana kuma juyawa, za su gano cewa mafi gajartarta ba lallai ta faɗo ƙarfe 12 na agogo ba, kuma layinta a wannan lokaci yana nuna kudu da arewa. Idan aka maimaita bayan wata biyu tsawon ya sauya. A yankunan da ke kusa da ikwaita, layin da ya raba duniya kudu da arewa, akwai rana biyu a shekara da inuwar ke ɓacewa ƙarƙashin sandar baki ɗaya.

Da irin wannan inuwa Eratosthenes, shugaban ɗakin karatu na Iskandariya, ya auna duniya kimanin shekara 240 kafin haihuwar Annabi Isa. Ya sami labarin cewa a garin Syene, Aswan ta yau, akwai ranar da rana ke tsayawa daidai bisa kai. A Iskandariya kuwa a ranar inuwa tana karkata da kashi ɗaya cikin 50 na da'ira, digiri 7 da ɗan ɗori. Sai ya ninka nisan garuruwan biyu sau 50. Kewayen duniya kimanin kilomita 40,000 ne, kuma makarantu biyu da ke nesa da juna kudu da arewa, idan suka auna inuwa rana ɗaya suka yi musayar sakamako ta waya, suna iya kusantar wannan adadi. Kowane digiri ɗaya na bambanci yana daidai da kilomita 111. Ƙarni da dama bayan haka masanin falaki al-Biruni ya bi wata hanya daban, ya yi amfani da tsawon dutse da karkatar bakin sama a Nandana, cikin Pakistan ta yau. Wani abu da ya kamata malami mai gaskiya ya faɗa wa manyan yara shi ne sanda biyu kaɗai ba su tabbatar da cewa duniya ƙwallo ce, domin shimfiɗaɗɗiyar ƙasa da ƙaramar rana ta kusa ma za su iya ba da bambancin inuwa. Sai an ƙara makaranta ta uku da ta huɗu lissafin shimfiɗaɗɗiyar ƙasar ke wargajewa.

Rana kanta ba a kallonta, ko da baƙin tabarau ne, balle ta madubin hangen nesa, wanda ke iya ƙona ido cikin ƙiftawa. Ran husufi sai da tabarau na musamman masu lambar ISO 12312-2. Amma huda ƙaramin rami a kwali ya wadatar. A ba rana baya, a bar hasken ya ratsa ramin ya sauka a farar takarda a nisan mita ɗaya. Za a ga ɗan da'irar haske mai faɗin kusan milimita 9. Hoton rana ne, ba siffar ramin ba, ko da ramin mai kusurwa uku aka yanka. Nisan ya ninka faɗin hoton sau ɗari da 'yan kai, haka nisan rana ya ninka faɗinta. A raba kilomita miliyan 150 da wannan adadi, yaro ɗan aji shida ya fitar da faɗin rana da kansa, kusan kilomita miliyan 1.4.

Yanzu ga ƙorafina. Da yawa daga abin da ake kira aikin hannu a wannan fanni sana'ar ado ce. A ba yara ƙwallaye su shafa musu fenti, a rataye da zare, a liƙa sunaye, iyaye su zo su ɗauki hoto. Yaro ya kwana uku yana fenti, bai tambayi komai ba, kuma ya tashi da ƙaryar nan ta jerin duniyoyi kafaɗa da kafaɗa ta ƙara zama a kansa. A ɗaya gefen kuma akwai masu zube kaya gaban yara su koma gefe, wai su gano da kansu. A 2006 Paul Kirschner da John Sweller da Richard Clark sun yi rubutu mai zafi suna nuna cewa sabon ɗalibi da aka bari ba jagora yakan ɓata ne, ba ya ganowa. A falaki maganarsu ta fi zama, domin abin da ya ɗauki 'yan Adam dubban shekaru ba zai faɗo wa yaro cikin minti 40 ba. Tsarin da ya fi dacewa shi ne wanda Richard White da Richard Gunstone na Ostareliya suka yaɗa: yaro ya fara hasashe ya rubuta, sannan ya lura, sannan ya yi bayanin abin da ya raba hasashensa da abin da ya gani. Malami ne ke zaɓen tambayar, shi ke hana a tsallake mataki na farko.

Ɗan misali. Kowa ya ji cewa 'yan sama jannati suna shawagi a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa don "babu ƙarfin jan ƙasa" a can. Tashar tana nisan kilomita 400 kacal, kuma jan ƙasa a wurin ya kai kusan kashi 90 cikin 100 na wanda ke nan. Suna shawagi ne don su da tashar faɗuwa suke yi tare, suna kewaya duniya duk minti 90. A huda gefen kofin roba a cika da ruwa, ruwa na tsartuwa. A tambayi yara me zai faru idan aka saki kofin daga sama. Yawanci za su ce tsartuwar za ta ƙaru, ko ta ci gaba yadda take. A saki. Tsartuwar ta tsaya cak har kofin ya kai ƙasa. Ba tare da hasashen farko ba, abin da yara za su tuna kawai shi ne malam ya jiƙa takalminsa.

Haka jefa duwatsu cikin tiren yashi mai laushi da aka yayyafa wa toka, don a ga yadda ramukan wata suka samu. Aiki ne mai daɗi, ana iya auna faɗin rami da tsawon da aka saki dutse. Sai dai a gaya musu cewa na gaskiyar yana zuwa ne da gudun kilomita goma sha wani abu ko ashirin a daƙiƙa ɗaya, yana fashewa ne kamar bam, shi ya sa kusan duk ramukan wata kewayayyu ne ko ta wace kusurwa dutsen ya zo.

Duk wannan a makaranta ne, da rana. Sama kuwa da dare take buɗe littafinta, lokacin da yara ke gida. Maganin wannan shi ne littafin wata: kowace yamma a sa'a ɗaya, daga wuri ɗaya, yaro ya zana watan da inda yake, ya auna tsayinsa da dunƙulen hannu a miƙe, wanda ke rufe kimanin digiri 10 na sama. Cikin mako biyu zai ga watan ya taso daga yamma yana jinjiri ya iso gabas a cike, yana jinkirin fitowa da kusan minti 50 kowace rana, zagayen duka kwana 29 da rabi. Daren da hadari ya rufe, ya rubuta "hadari", wannan ma sakamako ne. A hanya zai saba da Zara, ya kuma ji cewa ita ce dai Gamzakin asuba a wani lokacin, ɗaya ce daga cikin duniyoyin nan ba tauraro ba. Manhajar Stellarium, wadda kyauta ce, tana taimaka wa malami ya san abin da zai fito kafin ya aika yara nema, amma a bar ta sai bayan sun duba da idonsu.

Madubin hangen nesa shi ne na ƙarshe a layi, ba na farko ba, kuma ƙarami ya isa. Wanda masanin Italiya Galileo ya ɗaga a Janairun 1610 bai kai na wasan yara masu kyau na yau ba. Ranar 7 ga watan ya ga ƙananan ɗigo uku a gefen Mushtari, ranar 10 ya ga biyu, ranar 13 ya ga huɗu, ashe watanni ne masu kewaya Mushtari. A ɗora madubin a kan abin da ba ya rawa, a sa yara su zana ɗigon dare bayan dare a layi ɗaya ƙarƙashin ɗaya, kada a gaya musu ko mene ne. Na ciki yana gama zagayensa cikin ƙasa da kwana biyu, na waje kusan kwana 17, don haka zanen jiya ba zai taɓa yin daidai da na yau ba. Daren da aka ƙirga aka ga uku maimakon huɗu, sai malami ya tambaya ina ɗayan ya tafi, ya kuma yi shiru ya jira.